Ƙafar Kaza a Bayan Agogon Magatakarda

Labari ya iso gare ni daga majiya mai ƙarfi, wato bakin Innarku, cewa har yau idan kun taru da sallah kuna ba jikokina labarin yadda na kunyata Kawunku Habu a zauren Alhaji Kabiru saboda hassada. Wai na ga zai samu, raina ya ƙi. To, ga alƙalami ga takarda. Aji huɗu na yi a firamare kafin mahaifina ya yanke hukunci cewa bokon ya ishe ni haka, don haka in kun ga harafi ya karkace ku miƙar da shi da kanku, ku da aka kai jami'a. Amma maganar ba za ta karkace ba, domin ni aka yi wa, kuma ina nan da raina.

Kun tashi kun gan ni da teburi a bakin tashar Kazaure, da akwatin gilashi, da ɗan madubin nan da nake maƙalawa a ido har kuke cewa na yi kama da mujiya. Shekara hamsin da ɗoriya ina gyaran agogo a wurin. Wanda ya koya mini wani tsoho ne mutumin Barno, Baba Gana, mai faɗa kamar an taka masa sallaya. Shi ya sa mini doka guda wadda ban taɓa karyawa ba: duk agogon da na buɗe na gyara, kafin in rufe sai na zana alamata da bakin allura a cikin marfin baya, inda mai agogon ba ya gani. Cewa yake yi likita yana rubuta kati, mai gyaran agogo ma yana da nasa katin, sai dai shi a cikin cikin majinyacin yake ajiye shi. Da yake rubutuna bai kai a sa shi a ƙarfe ba, sai na zaɓi layi uku da suka haɗu a gindi, kamar sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa. In agogon ya sake dawowa, in ƙara ɗigo ɗaya a gefe. Ku riƙe wannan, domin duk rigimar a kansa take.

Sai waya ta zo ta kashe mu a tsaye. Mutum zai tsaya daidai gaban teburina, ya zaro waya daga aljihu, ya duba lokaci, ya gaishe ni, ya wuce. Na daure shekaru ina sa wa agogon roba batir, aikin da ko akuya aka nuna wa sau biyu za ta iya. A shekarar da nake ba ku labari na ɗauke teburin gaba ɗaya na kai shi zaure, Innarku ta mayar da shi wurin shanya taliyar da take murzawa ta sayarwa. A gari kuwa magana ta bazu cewa idon Malam Iro ya tafi. Idon bai tafi ba. Masu agogon ne suka tafi.

Wata safiya bayan an gama girbi sai ga Habu. Kun san shi, ƙanin Innarku ne uwa ɗaya uba ɗaya, dillali ne mai zirga-zirga tsakanin Babura da ƙauyukan Nijar, aljihu ɗaya naira ɗaya sefa. Tun yana ɗan saurayi muke wasa da shi. Ya shigo a ƙafa, abin da ya ba ni mamaki, domin Habu ko masallacin unguwa a kan babur yake zuwa.

"Ina babur ɗin?" na ce. "Ko ya gaji da kai ya koma gidan iyayensa?"

"Na sayar, Yaya. Na sa kuɗin a abin da ya fi babur goma."

Ya zauna ya kwance zancen. Alhaji Kabiru, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya dawo gida, yana neman agogon mahaifinsa, marigayi Malam Magatakarda, wanda ya yi wa hakimi aikin rubutu a zamanin da. A wata shekara ta yunwa tsohon ya sayar da agogon ga wani ɗan kasuwar hatsi na Babura don ya ciyar da gidansa. Alhaji ya ce duk wanda ya nemo masa shi zai ga alheri. Habu ya bi sawu har gidan magadan ɗan kasuwar, suka fito masa da akwatin tarkacen mahaifinsu, ya saya. Sai dai Alhaji ya kafa sharaɗi: ba zai karɓa ba sai Malam Iro ya duba, tunda ni ke gyara wa tsohon.

"Kai dai ka riƙe, ka jujjuya, ka gyaɗa kai," in ji Habu. "Ba sai ka buɗe ba. Ka ga hannunka ya fara rawa, kar ka ɓata mini kaya."

"Kawo in gani."

"A can za ka gani. Na naɗe shi a auduga."

Ya shiga ciki wurin yayarsa suka yi ƙus-ƙus. Da zan fita da la'asar, Innarku ta biyo ni har bakin zaure tana gyara mini wuyan riga, abin da rabonta da yi tun muna amarci.

"Malam, ka tuna cikinmu ɗaya da yaron nan."

"Yaron da ya aurar da 'ya'ya uku?"

"Ko goma ya aurar. Ka dai tuna."

Zauren Alhaji Kabiru a cike yake da abokan hirarsa, tsofaffin ma'aikata masu manyan riguna. Muka tuɓe takalma muka durƙusa muka yi gaisuwa. Alhaji mutum ne mai magana a hankali. Ya dube ni ya ce:

"Malam Iro, ni na kai agogon nan Babura da hannuna, ina saurayi. Baba ya cire shi ya ba ni, ya juya baya bai ko kalle ni ba. Na dawo da buhunan gero a bayan mota. Tun ranar nake so in mayar da shi gidan nan. Na manta kamanninsa dalla-dalla, shekaru sun yi yawa. Kai za ka zama idona."

"Ranka ya daɗe, ido dai an ce ya tafi, amma za mu lallaɓa da abin da ya rage."

Habu ya warware audugar. Jama'a suka yi ta tasbihi. Agogo ne mai ruwan zinariya, yana walƙiya kamar kwanon amarya, fuskarsa fara sol, ga sunan wani babban kamfanin Turawa a rubuce, wanda ba zan ambata ba tunda ba su biya ni kuɗin talla ba. Wani mai farin gemu ya ce ai daga gani ka san na manya ne.

Yanzu ku saurara, domin wannan karatun ba a jami'arku ake yin sa ba. Tsohon agogo ba da ido ake fara duba shi ba. Da tafin hannu ake farawa. Na ɗora shi a hannuna na ji shi sakwat, alhali na Magatakarda yana da nauyi kamar ƙaramin dutsen guga. Na murza kansa, wurin da ake murzawa kowace safiya don agogo ya yi tafiya, na ji yana ƙaras-ƙaras kamar yashi a haƙori, alhali na kirki santsi yake yi a yatsa. Na kai shi kunne, sannan na ɗora shi a ƙashin bayan kunnena, inda sauti ba ya ƙarya. Bugunsa babu ciki, kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. Sai a sannan na maƙala madubi. Agogon da ya sha ranar ƙasar nan shekara hamsin fuskarsa ba ta zama fara. Tana komawa launin man shanu, lambobin su yi duhu-duhu. Wannan kuwa fari ne kamar jiya aka haife shi, rubutun sunan kamfanin ya yi kauri, wani harafin ya jingina da ɗan'uwansa, kamar ni na rubuta.

Na san amsa tun kafin in ɗauko wuƙar buɗewa. Na ɗaga kai na ga Habu yana kallona, gumi yana bin gefen hularsa. Na tuna babur. Na tuna hannun Innarku a wuyan rigata. Wallahi sai da zuciyata ta ce, Iro, tsohon ya rasu, ɗan ya manta, gyaɗa kai kawai ka koma gida ka ci tuwonka da man shanu. Kar ku ɗauka ubanku waliyyi ne. Na yi shawarar nan da kaina har sau biyu. Abin da ya hana ni shi ne yadda Alhaji ya tallafe haɓa yana jirana. Mutumin nan zai riƙa ɗaura gwangwani a hannu yana yi wa mahaifinsa addu'a a kansa, kuma ni na sa shi.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in buɗe."

"Yaya, ba mu yi haka da kai ba," in ji Habu ƙasa-ƙasa.

"Buɗe," in ji Alhaji.

Na ɓalle marfin. Injin ɗan mitsitsi ne, an kewaye shi da zoben roba don ya cika gurbin, kamar ƙwai ɗaya a tsakiyar faifai. Na juya marfin zuwa haske. Fes yake, ko ƙwarzane babu.

"Ranka ya daɗe, sau huɗu agogon mahaifinka ya kwana a teburina. A cikin marfinsa akwai ƙafar kaza da ɗigo uku, na zuwan da ya biyo bayan na farko. Kuma a gefensa, wajen ƙarfe tara, akwai lotsawa, ta ranar da keke ya kayar da tsohon a gangaren Roni. Wannan agogon bai taɓa ganina ba, ni ma ban taɓa ganinsa ba."

Mai farin gemun nan ya yi dariya ya ce, "Alhaji, mutumin da aka ce ba ya gane ɗari biyar da dubu sai an gaya masa, shi zai ga ƙafar kaza?"

"Allah ya ba ka nasara," na ce, "karɓi madubin ka nemo mana ita. In ka samu ko ta ɗan tsako ce, na yarda."

Bai karɓa ba. Alhaji ya mayar da agogon cikin audugar da kansa, ya tura wa Habu, ya ce Allah ya saka da alheri bisa wahala. Ko kalma mai zafi ɗaya bai faɗa ba, kuma da ya yi zagi da ya fi sauƙi. A waje Habu ya tare adaidaita ya shige, bai ce in zo mu tafi ba. Na tako a ƙafa har gida.

Abin da ya biyo baya kun san rabinsa, domin ku ma kun sa hannu. Ke Binta, ke kika bugo waya daga Kano kina tambaya ko gaskiya ne na tozarta Kawu a gaban manya. Habu ya daina zuwa. A Babura aka fara ce masa mai agogon gwangwani, dillalin da aka daina ba shi ko akuya ya sayar. Innarku kuwa ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Tuwo zai zo, a dire shi, a juya. In na ce sannu da aiki, sai ta amsa wa kaza. In tana son gaya mini abu sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa masu gaskiya ruwan wanka ya yi zafi." Kwana tara ina zaune a gidana kamar baƙon da ya wuce kwanakinsa.

Ran na tara, da hantsi, ina zaune a tsakar gida ina gyara carbina da ya tsinke, sai na ce da bangon nan dai, tunda shi ne ɗan aikenmu, "A tambaya mini, shin a akwatin magadan nan agogo ɗaya ne tak?" Domin abin yana damuna. Ɗan kasuwar hatsi ba ya yar da abin da ya ba da gero a kansa.

Innarku ta shiga ɗaki, na ji ana kwaramniya da gwangwanin maɓallanta. Ta fito ta wurgo mini wani abu ya faɗo a cinyata.

"Ga shi nan. Biyu ya samu. Wannan mataccen agogon, Habu ya ce in ba ka kyauta ka cire kayan ciki, in ka gama yi masa alheri. Ka ga irin zuciyar ɗan'uwana. Kai kuma ka ga taka."

Ban ji ƙarshen maganarta ba, domin cinyata ta riga ta gaya mini nauyin. Abin tausayi ne a ido: babu maɗauri, gilashin ya yi hazo da ƙwarzane, datti ya cike kowane lungu, fuskar ta koma launin man shanun da ya kwana biyu. Na shafa gefensa da babban yatsa, wajen ƙarfe tara. Yatsana ya faɗa cikin lotsawar kamar ya san hanya. Na murza kan a hankali, sau uku kawai, don kar in wahalar da inji a bushe. Na kai bayan kunne. Ya yi shiru, ya yi shiru, sai ya fara tafiya, a nutse, da ɗan ɗingishi, kamar dattijo zai je masallaci.

"Kwashe taliyar nan daga teburina," na ce.

"Me ka ce?"

"Hauwa, kwashe taliyar nan."

Shekara da shekaru ban kira sunanta ba, ita ma ta san ba lafiya ba. Ta kwashe. Na buɗe marfin. Inji ya cika gidansa bakin da baki, sunan kamfanin a zane a jikin ƙarfen, lambarsa tana nan, tsatsa ba ta kama ko'ina ba sai ɗan baki-baki. Na juya marfin. Na miƙa mata madubin, na nuna mata yadda ake maƙalawa. Ta daɗe tana leƙe, ido ɗaya a runtse.

"Wannan ai sawun kaza ne."

"Ɗigo nawa?"

"Uku." Ta sauke madubin. "To ai sai a kira Habu."

Kun ga kuskuren Kawunku? Ba ha'inci ya yi niyya ba. Magadan ba su san wanne ne ba, suka ba shi duka biyun, shi kuma ya yi lissafin da kowa a garin nan zai yi: agogon babban mutum dole ya yi ƙyalli. Ya naɗe na bogi a auduga, ya jefa na gaske a aljihu tare da goro. Kuma da ya iso da yamma, a bayan ɗan acaɓa, yana gama ganin alamar sai ya so ya sake tafka wani.

"Yaya, ba ni shi in kai Kano. Akwai masu wanke fuska su sake fenti, a goge jikin a cike lotsawar nan. Kwana biyu ya dawo sabo dal."

"Ni ma ina da toka mai laushi," in ji Innarku. "In dirje shi ya yi haske."

Na rufe agogon da tafin hannuna biyu kamar kaza a kan ƙwai.

"Duk wanda ya kusanto shi da fenti ko toka, sai dai ya bi ta kaina. Ku tsufan nan kuke gani datti? Shi ne shaidarsa. In ka goge lotsawar ka goge gangaren Roni. In ka fente fuskar ka mayar da shi ɗan'uwan gwangwaninka. Kai Habu, in aka rina maka gemu aka cike maka giɓi, matarka ma sai ta nemi shaida kafin ta buɗe maka ƙofa."

Kwana biyu na yi a kansa. Na warware injin ɗaya bayan ɗaya a kan farin ƙyalle, na wanke, na sa mai da bakin allura, na mayar. Hannun da aka ce yana rawa bai yar da ko ƙusa ɗaya ba. Jikin kuwa ƙyalle mai laushi kawai ya gani. Gilashin na rage masa hazo, na sa maɗaurin fata baƙi irin wanda tsohon yake so. Kafin in rufe na ƙara ɗigo na huɗu.

A ƙofar gidan Alhaji na damƙa wa Habu agogon na ce shi zai miƙa, tunda shi ya sayar da babur ya bi sawu har Babura. Mutanen ranar nan suna nan, har da mai farin gemu, wanda ya leƙo ya ce, "Wannan kuma daga wace bola?" Na zaro wuƙa zan buɗe in nuna alama, Alhaji ya ɗaga mini hannu. Ya karɓa, ya rufe ido, ya bi gefen da yatsa har ya tsaya a wajen ƙarfe tara. Ya daɗe a haka.

"A nan nake sa yatsa in yana riƙe da hannuna za mu idi," ya ce. "Na manta fuskar, ban manta wannan ba."

Ya ɗaura shi. Zauren ya yi tsit har ana jin tafiyar agogon, ko kuma ni kaɗai nake ji, ban sani ba. Sannan ya ce in buɗe don jama'a su gani. Na miƙa wa mai farin gemu madubin, wannan karon ya karɓa. Ya leƙa, ya leƙa, ya ce lalle akwai wani abu kamar kaza ta wuce.

Jan babur ɗin da Kawunku yake hawa yanzu, daga wannan zaman ya fito. A Babura labarin ya juye, ya zama dillalin da ya tono agogon Magatakarda bayan shekara hamsin, kuma na ji yana cewa tun farko ya sani, gwada ni yake yi. Na bar masa. Ni kuwa kafin wata ya ƙare mutane suka fara sallama a zaure, daga Gwiwa, daga Yankwashi, daga Kanya Babba, kowa da agogon kakansa a ƙulle a gefen rawani ko a gwangwanin madara, wasu za su saya suna so in duba tukuna, wasu so suke kawai a gaya musu ko na gaske ne. Da yawa na gaya musu abin da ba su so ji ba, kuma suka dawo da wasu. Teburin bai koma wa taliya ba.

 Washegarin ranar da muka dawo daga gidan Alhaji, tuwon ɗumame ya zo da man shanu har yana kwaranya, kuma ba a juya ba, aka zauna.

"Malam," ta ce, tana kallona ni, ba bango ba, "ka dai san da ban wurgo maka shi ba, da har yanzu yana cikin maɓallai."

"Haka ne."

"To in za ka ba da labarin, ka faɗi wanda ya gano shi."

Ga shi na faɗa, a rubuce, da hannuna. Innarku ce ta gano agogon Magatakarda, ta hanyar jifa. Ni abin da na yi kaɗan ne: na ƙi gyaɗa kai, na ci tuwo babu gaisuwa kwana tara. In sallah ta zo, wannan za ku ba jikokina, kuma ku kira Kawunku ya zauna a gaba, a kan tabarma, inda zan riƙa ganin fuskarsa.